Barewar Gidan Mista Gregory

Hyattsville, 9 ga Oktoba

Zuwa ga matata Hadisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Yaya jikinki, yaya Naila da makaranta, yaya ƙafar Mma? Allah Ya sa duk mutanen Aboabo suna lafiya. Na rubuta wannan da hannu na ɗauki hotonta na turo miki, don in a waya ne muryata za ta tona ni kafin in kai ƙarshe.

Hadisa, na jawo mana magana.

Kin san Mista Gregory, tsohon da nake jinya a Takoma Park, mai shekara tamanin da shida, wanda mantuwa ta kama. Akwai wani namijin barewa mai ƙaho kamar rassan itace da ke shigowa bayan gidansa kullum da safe. Tsohon yana kiransa stag, wai haka ake cewa a Ingila inda aka haife shi. Malamin Turanci ne a da, in ya tashi da daɗi sai ya yi ta koya mini kalmar: wai namijin da ya je biki ba mace ma haka ake ce masa, don haka ni shekara biyar ke nan ina yawon stag a Amurka. Yakan manta sunan 'yarsa, amma bai taɓa manta lokacin zuwan dabbar nan ba.

Ranar Talata muna bakin taga, karen maƙwabta ya koro stag ɗin. Ya yi tsalle zai haye shingen ƙarfe, tsinin ya shige masa ciki. Yana rataye yana shure-shure, tsoho yana dukan gilashi yana ihu in taimake shi. Ni ɗan mahauci ne, kallo ɗaya na yi na san ba zai tashi ba. Ban yi tunanin kiran kowa ba, wallahi. Abin da ya zo mini kawai shi ne kada ya mutu mushe a gabana. Na ɗauko wuƙar kicin, na sauke shi da ƙyar, na juya shi alƙibla, na yi bisimilla na yanka.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai hannun Baaba ya motsa a jikina: na feɗe, na farke cikin ta daidai inda ƙarfen ya huda, na wanke shingen tas don kada tsoho ya ga jini. Ashe maƙwabciya, wata Pauline, tana ɗaukata hoton bidiyo a waya daga saman bene. Jami'in kula da namun daji ya zo ya same ni da cinya a hannu. Ya kwashe naman, ya ba ni takardar kotu: kashe dabbar daji ba lasisi. Zaman kotun shida ga Nuwamba ne.

Kin san kuma ashirin ga Nuwamba ce ranar ganawata ta zama ɗan ƙasa, wadda daga ita takardun zuwanku ke da Naila za su yi sauri. Kada ki gaya wa Mma tukuna. Ki yi mini addu'a, zagin ki ajiye shi sai an gama.

Mijinki mai wauta,
Baharudeen

Hyattsville, 24 ga Oktoba

Hadisa tawa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ji daɗin jin tarin Naila ya lafa. Saƙonki ya iso, kuma na ga ba ki iya ajiye zagin ba. Na karɓa, na cancanta.

Na sami lauya, Madam Yashim, 'yar Kaduna ce, da Hausa muke magana. Mace ce mai faɗin gaskiya ba shafa mai. Ta ce in alƙali ya yarda dabbar tana bakin mutuwa na same ta, zai iya korar ƙarar, in tafi ganawata hankali kwance. In bai yarda ba, ko da bai ɗaure ni ba, zai iya sa ni ƙarƙashin sa ido na shekara guda, kuma ba a rantsar da mutum ya zama ɗan ƙasa yana cikin wannan hali. Hoton Pauline ya fara ne daga inda nake durƙushe da wuƙa. Shingen kuwa ni na wanke shi, raunin ni na bi shi da wuƙa. Madam ta dube ni ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya share shaidarsa da hannunsa da tsafta irin tawa ba.

Saura mutum ɗaya da ya ga farkon abin, Mista Gregory. 'Yarsa Constance ta yarda a kai shi kotu in har zai iya faɗi da bakinsa. Ta ce likita ya ce abin da ake maimaita masa kullum yakan zauna na ɗan lokaci.

To, ga inda nake. Tun ranar da abin ya faru, kowace safiya sai ya sa in tura shi a kekensa na guragu bakin taga, ya tambaye ni ina stag ɗinsa, ni kuma in ce yau ya makara. Ranar Litinin na daina ƙaryar. Na zaunar da shi na ba shi labarin tun daga kare har shinge. Sai ya ce ya tuna, ya ce yana jin ƙarar ƙahon a jikin ƙarfe. Daga nan ya fashe da kuka irin na wanda aka yi wa rasuwa yanzu-yanzu. Ranar bai ci komai ba sai ruwan shayi.

Talata da safe ya tashi fes, ya ce in kai shi taga kada baƙonsa ya zo bai same shi ba. Na sake faɗa masa. Ya sake kukan, sabo fil, kamar bai taɓa ji ba. Yau kwana huɗu ke nan, Hadisa. Kowace safiya ni ke kashe masa dabbar nan, kuma wandonsa ya fara yi masa yawa. Saura kwana goma sha uku. Madam Yashim ta ce in daure, jiya ya faɗi labarin daidai har rabi ba tare da na taya shi ba.

Ina son ganinku har ƙirjina ke ciwo. Amma in na murɗa makullin gidan tsohon da safe, ji nake kamar in juya in koma. Ki gaishe da Mma, ki sumbaci Naila.

Naki,
Baharudeen

Hyattsville, 7 ga Nuwamba

Hadisa, uwar ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wayi gari lafiya ke da Naila da Mma. Na ga kiranki sau tara jiya. Ban ɗauka ba don ban san da wane baki zan fara ba.

Akwai abin da na ɓoye miki kusan mako biyu. A rana ta shida da fara faɗa masa, ina buɗe baki zan fara labarin, tsohon ya kama hannuna ya ce in yi a hankali, fuskata irin ta mai kawo mugun labari ce, shi kuma yau ba shi da ƙarfin ɗauka. Bai san me zan faɗa ba, amma jikinsa ya riga ya san ni. Sai na ji bakina ya ce ba komai, baƙon ya makara ne kawai. Ya yi dariya, ya cinye ƙwai biyu. Daga ranar ban ƙara faɗa masa ba. Na kira Constance na ce kada a kawo shi kotu. Madam Yashim ta yi mini faɗa kamar ƙaninta, ta tambaye ni ko na shawarci matata. Na ce a'a, don na san in na ji muryarki zan koma in ci gaba.

Jiya na tsaya gaban alƙali ni kaɗai. Na faɗi yadda aka yi, na gaya masa a gidanmu ba a barin dabba ta mutu a wahale mutum yana riƙe da wuƙa. Ya saurara da kyau, ba mugu ba ne. Ya ce mai yiwuwa gaskiya nake faɗa, amma abin da ke gabansa hoton mutum ne yana feɗe barewa a bayan gidan da ba nasa ba. Ba ɗauri. Sa ido na shekara ɗaya.

Ma'anarsa, ba rantsuwa sai shekarar ta cika. Zuwanku da na yi muku alkawari ya ja baya da shekara guda, wataƙila da ɗoriya.

Ba zan ce miki ƙaddara ce ba, ni na zaɓa. Na ɗora kukan tsohon da ba danginmu ba a kan shekara guda ta rayuwarki da ta Naila, kuma ban tambaye ki ba. Da za a mayar da ni wannan safiyar, ina jin haka zan sake yi, wannan ne ma abin da ya fi ba ni kunya a gabanki.

Naila ba ta sani ba tukuna. Ko ki faɗa mata da kanki, ko ki ba ta waya in faɗa mata ta ji haushin a kaina. Wannan karon ke za ki zaɓa. Wayata tana hannuna, in kin kira zan ɗauka.

Mijinki, in har yanzu kina amsa sunan,
Baharudeen