Wa ta shigo Jidda da sunana?

Daga inbox. Baiwar Allah ce mai shekaru, voice ta turo, ta ce a rubuta yadda ta faɗa a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin Allah ya biya ki. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce min "ki yi haƙuri" kawai ya riƙe abinsa, haƙuri na san shi tun kafin a haifi da yawanku.

Ni haifaffiyar Jidda ce, a unguwar Ammariyya aka yanke min cibiya, kakanninmu ne suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Sunan mahaifiyar Baba aka sa min, to kun san al'adarmu, ɗa ba ya kiran sunan uwarsa, don haka tun ranar suna ba wanda ya ƙara furta shi a gidan. Ummi ake ce min, maƙwabta Ummi, malamar allo Ummi, mijina Allah ya jiƙansa har ya rasu Ummi yake ce min. Sunan yanka sai dai a takarda.

Wajen ƙarshen shekarun sittin, ban kai goma ba, ƙanwar Baba da ke aure a Port Sudan ta zo hajji. Ba ta taɓa haihuwa ba, sai Baba ya ba ta ni riƙo. A fasfonta aka rubuta ni a matsayin 'yarta da wani suna daban, lokacin ba a manna wa yara hoto, a haka muka hau jirgin ruwa. Na yi shekaru a can har Goggo ta rasu, aka haɗo ni da wasu alhazai a sambuk, ƙaramin jirgin katako, aka sauke mu a bakin teku nesa da gari muka tako. Ba wanda ya buga mana hatimi. Da na iso gida na tarar da wata yarinya sa'ata tana kwana a shimfiɗata, mu ce sunanta Zulai. Aka ce 'yar wan Baba ce da ya rasu a Sudan, Baba ne ya je ya ɗauko ta. Abin ya tsaya min a rai, yaya Baba zai tsallaka teku ya je har can bai leƙo ni ba, amma a lokacin yaro ba ya tambayar manya.

Muka tashi tare kamar 'yan uwa. Ita ta auri ɗan ƙasa, kafin shekarun saba'in su ƙare ta samu jinsiyya, wato takardar zama 'yar ƙasa, yanzu 'ya'yanta da jikokinta duk 'yan ƙasa ne, har da masu aikin gwamnati. Ni na auri tela a Sharafiyya, iƙama, takardar izinin zaman baƙi, muke sabuntawa har yau. Duk lokacin da na tambayi Inna takardar haihuwata sai ta ce ruwan sama ya cinye ta.

Bara ɗana ya shigar min da neman jinsiyya, don na gaji da tsoron ranar da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a iƙama, zai ce halas ya janye, a ce tsohuwa irina ta koma ƙasar kakanninmu da ban taɓa gani ba. A cikin tambayoyin akwai inda ake so ka faɗi duk fitar da ka taɓa yi daga ƙasar da lokacin da ka dawo. Na faɗa wa ma'aikacin gaskiya da bakina. Mutumin kirki ne, ya duba tsohon fayil ɗin Baba, ya ce ya hajja, babu fitarki sam, amma akwai shigowa ta tashar jirgin ruwa, mahaifinki tare da 'yarsa mai sunanki, kuma shekarar ta riga wadda kike faɗa da nisa. Ya ce takardun wancan zamanin da yawa sun ɓata, in je gida in yi tunani, in kawo abin da zan iya rantsuwa a kansa.

Ni a wannan shekarar ina Port Sudan ina daka wa Goggo dawa, wallahi na sani kamar yadda na san yatsun hannuna. To wa ta shigo?

Na je wajen yayana, shi kaɗai ya rage a manya. Ko gama bayani ban yi ba ya ce in rubuta abin da ke cikin fayil, yalla a wuce wurin, wai tsufa ne ya rikita min lissafi. Na ce shi ya girme ni, me ya sa nasa lissafin bai rikice ba. Ya hau faɗa, wai ina so in tono kaburbura, wai Baba ya yi abin da ya yi don Allah. Na ce me Baba ya yi, sai ya tashi alwala alhali ba a kira salla ba. Washegari sai ga Zulai a ƙofata da tiren shinkafa da kaza, matar da sai Idi take tako gidana, tana ta "habibti" tana shafa min hannu, can ta ce, "Ummi, me kika rubuta musu?" Ni kuma ban faɗa mata ina neman komai ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa dawo min. A da na sha raka ta asibiti, ba ta taɓa bari na riƙe mata katinta ba, ko jiri take ji sai ta tura shi cikin rigarta, in za a kira suna sai ta aike ni sayo ruwa. Kuma a nan mace in ta haihu Ummu wane ake ce mata, ko a katin biki ba a rubuta sunanta, don haka ban taɓa ganin sunan Zulai a rubuce ba. Ɗana ya ce zargi ne kawai, in bar shi. Na ce to.

Ranar Juma'a na je gidanta a Madain Fahd. Tana kicin tana haɗa shayi, ni ina zaune a falo, ba kowa. Ban ɗaga murya ba, na kira sunana na yanka, sunan da ko ni bakina bai saba da shi ba. Ta ce, "Na'am." Da ta fito da tiren shayin sai ta ajiye, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce, "Ni ma yarinya ce a lokacin, Baba ne ya ce in amsa shi in an tambaye ni." Ban sha shayin ba.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye muku ba. Da takardar haihuwata ta yi aure, da ita ta zama 'yar ƙasa, ni da aka haifa a nan nake bin layin iƙama da farin gashi, kuma gidanmu kaf sun sani suka bar ni. Amma in na rubuta gaskiya za a tambaya wa ta shigo, daga nan gidan Zulai ya rushe har jikokin da ba su san komai ba. In na rubuta abin da ke fayil na rantse a kan ƙarya ina dab da kabari, kuma wa ya sani ko ranar da aka haɗa takardunmu biyu ni za a ce na saci sunanta. In na janye kuma, shike nan na bar mata.

Ma'aikacin yana jirana. Don Allah ku faɗa min, in karɓi sunana ko in bar mata shi har mu mutu?