Zuwa Ga Yaya Lawali, Kafin Motar Alhamis Ta Tashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Ƙanwarka ce Zainabu. Ban san inda zan aika maka ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Duk wanda ya san Lawali ɗan Malam Isa na Gaffati, dogo, mai tabo a girar hagu, don Allah ya karanta masa.

Mutanen gida suna nan. Idon Baba ya ƙara rauni, bana maƙwabta ne suka kama masa shuka. Inna lafiyarta ƙalau, sai dai wayar nan da take ƙullewa a gefen zane, ko wurin surfe ba ta rabuwa da ita. Na haihu bayan tafiyarka, mace, har ta fara gudu.

Amma Yaya, ba gaisuwa ce ta sa na rubuto ba. Maganar Haruna ce, autanmu.

Ka tuna ranar da aka faɗi sunanka cikin waɗanda suka ci bak, jarrabawar gama sakandare? Baba ya bar hauya a gona ya taho gida ba takalmi. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne ba sai ka tafi Yamai ba, tunda gwamnati ta kawo jami'a Damagaram. Duk wanda ya zo barka sai ya ce masa, “Da sai ɗan mai hali. Yanzu karatun ne ya biyo mu har gida.”

Ka sauka wurin Gwaggo Hajo a unguwar Birni. Kullum da sassafe ka bi lungunan nan masu rairayi, takardu a hammata. Ilimin ƙasa da ruwa kake karanta. Kai ka fahimtar da ni abin da ya sa garin nan yake fama da ƙishirwa. Ka buga ƙafa a tsakar gidan Gwaggo ka ce dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu, kuma in ka gama za ka san inda za a huda shi.

Sai shekararka ta biyu ta ƙi ƙarewa. Yau malamai na yajin aiki, gobe ɗalibai, jibi babu ɗakin karatu saboda sababbi sun iso tsofaffi ba su fita ba. Bursu, kuɗin tallafin da gwamnati ke ba ku, ya riƙa makara, ka shiga kabu-kabu da babur ɗin aro. Mutanen Gaffati kuma ba su bar ka ka huta ba, kowa ya gan ka sai ya ce, “Har yanzu ba a gama ba?” Ka daina zuwa gida ranar Juma'a.

A lokacin ne Sale Direba ya shigo rayuwarka, wannan mai kai mutane wurin haƙar zinariya can gaba da Agadas. Ka ce mini, “Kafin su gama duba takardun jarrabawa na je na dawo.” Sakamako ya fito, ka ci. Na faɗa maka a wayarmu ta ƙarshe, iska na ta kaɗawa a bayan muryarka. Ka yi dariya ka ce, “To, a ajiye mini.” Daga nan ba mu sake jin ka ba. Lambar da ka kira da ita ma ta mutu.

Dole in faɗa maka gaskiya, abubuwa sun canja. An gina sababbin ɗakunan karatu. Motar ɗalibai tana bi ta bakin unguwarmu a Kara-Kara kowace safiya. An dage ana daidaita shekarun karatun da suka hau kan juna. Haruna ya shiga sashen da ka bari, yana zaune a ɗakin zaurenmu, kuma bai sha irin jiran da ka sha ba. Abin da ya rage masa jarrabawar ƙarshe ce, sai ya tsaya gaban malamai ya kare bincikensa, a ba shi lisans, wato digirin farko.

Har na ji a rediyo ana cewa waɗanda suka yanke karatu suna iya komawa. Na yafa mayafi na tafi da kaina, ni da ban wuce kolej, ƙaramar sakandare, ba. Wani dattijo a ofishin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ƙofa a buɗe take, madam. Amma sai ya zo da ƙafarsa.” Na fito na zauna a gindin wata bishiya, ina kallon samari masu tsayinka suna wucewa.

Tun farkon watan nan na ga Haruna ya canja. Ya rage magana. Motar ɗalibai ta zo ta wuce yana kwance. Maigidana ya gan shi a tasha yana shan shayi da Sale, ba sau ɗaya ba. Ni ma na haɗu da Salen a kasuwa, ya gaishe ni da fara'a. Ya ce, “Ƙaninki yaro ne mai zuciya.” Na tambaye shi kai fa? Ya ce shi ya sauke ka lafiya a bakin wata rijiya, abin da ya biyo baya ba aikin direba ba ne. Bai ko sunkuyar da kai ba.

Shekaranjiya na shiga share ɗakin zaure, na tarar da jarka a bayan ƙofa, an lulluɓe ta da buhu an ɗinke, irin yadda masu ƙetare hamada suke yi don ruwa ya yi sanyi. Da basillata ya ɗinke ta, Yaya, wadda na yi kwanaki ina nema. Kusa da ita ga rawani sabo da baƙin tabarau. Irin kayan da na gani a ɗakinka a gidan Gwaggo, ban gane ma'anarsu ba a lokacin.

Na tsare shi da ya dawo. Na yi faɗa, na yi kuka, na tuna masa saura ƙiris ya gama. Ya bar ni na ƙare tukuna. Ya ce, “Ba zinariya zan nema ba, Yaya Zainabu. Kullum ina zaune a ajin da ya zauna. Malamansa suna kuskure su kira ni da sunansa. In na karɓo takardar nan na kai wa Inna, wa kike jin za ta gani?” Ya ce Sale ya yi masa alkawarin kai shi rijiyar da ya sauke ka, daga nan ya bi rami rami yana tambaya.

Jiya na tafi Gaffati don Inna ta hana shi, na san ba ya ƙetare maganarta. Na same ta tana sheƙar gero. Na faɗa mata komai, ba ta ɗago ba. Da zan taho ta miƙo mini ƙullin garin gero da ƙuliƙuli ta ce in kai masa. Guzuri ne, Yaya. Ashe ta sani tun kafin ni. Ba za ta ce ya tafi ba, kuma ba za ta ce ya zauna ba. Baba kuwa cewa ya yi, “Ni da ba na ganin hanya, yaya zan tare ta?”

Motar Sale ranar Alhamis za ta tashi, bayan an watse daga kasuwa. Jarrabawar Haruna sati mai zuwa za a fara.

Yayana, ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Na ga irin zaman da ka yi, na san ba lalaci ya kore ka ba. In kunya ce ta hana ka kira, don ka tafi ba ka samo komai ba, wallahi ba mai tambayarka ko ƙwayar zinariya. In kana tsare ne a wani wuri, ka ba wani saƙo. Kalma ɗaya ta isa. Ka ce masa, “Haruna, zauna ka rubuta jarrabawarka.” Maganarka kaɗai zai ji.

In kuma ba ka cikin masu karanta saƙo, Yaya, in wani ne ya haƙa maka makwanci a cikin rairayin can ya yi maka salla, to ina roƙon Allah ya kai wannan rubutu gaban mutumin nan, ya ji tausayinmu ya faɗa mana. Za mu shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba mu karɓi gaisuwa. Inna za ta yi kukanta ta gama. Haruna zai zauna. Ban taɓa zaton zan kai ranar da zan roƙi irin wannan labari ba, amma ga ni ina roƙo.

Allah ya tsare ka in kana raye, ya buɗe maka hanyar gida. In ka riga mu, Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya riƙe mana ƙafar yaron nan. Amin.

Wayata tana kunne har Alhamis.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Zainabu, daga Kara-Kara, Damagaram.