Cuddy Teasdale Zai Tafi a Kafaɗun 'Yan Wasanmu

Cikin alhini da nauyin zuciya, Shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Skelbeck Athletic, Mai Girma Kansila Horace Blenkinsop, tare da daraktoci da 'yan wasa da ɗaukacin ma'aikatan filin Chapel Row, suke sanar da jama'a cewa labari ya iso musu na rasuwar tsohon ɗan wasan gabanmu, Mista Cuthbert Teasdale, wanda yaro da babba suka sani da Cuddy. Ya rasu ranar Talata a gidansa da ke layin Inkerman yana da shekara hamsin da tara, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji, irin wanda ramin kwal yake sallamar mutanensa da shi. Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da rana, kamar yadda ake yi wa kowane mahaƙi a garin nan domin abokan aikinsa su samu rakiya. A wannan Asabar ɗin ne kuma muke da wasan ƙarshe na kaka a waje, wanda idan muka sha kashi za mu ƙare a ƙasan teburi, sai mun roƙi ƙuri'ar sauran ƙungiyoyi kafin a bar mu cikin gasar. Mun nemi hukumar gasar ta ɗage wasan, ta ƙi.

Marigayi Mista Teasdale ya sa rigarmu daga 1924 zuwa 1936 a Rukuni na Uku na Arewa, ya zura ƙwallo ɗari biyu da talatin da ɗaya, adadin da har yau babu wanda ya ko kusanto shi a Chapel Row. Waɗanda suka gan shi ba sa buƙatar mu faɗa musu cewa ba shi da gudu, ba shi da yanga, ƙafarsa ta hagu kuwa ta tsayuwa ce kawai. Abin da Allah Ya ba shi kai ne da rashin tsoro. A zamanin da ƙwallon fata yake shan ruwa ya yi nauyi kamar buhun kwal, igiyar ɗinkinsa tana tsaga goshi, Cuddy yakan cusa kansa inda wasu suke tsoron sa takalmi. Sau da yawa yakan fito daga rami da hantsin Asabar, ya watsa ruwa a baho a gaban murhu, ya shigo fili da sauran baƙin kwal a wuyansa, kafin a tashi ya sa golan baƙi ya durƙusa cikin raga sau biyu ko uku.

Manyan ƙungiyoyi sun zo nemansa, ba sau ɗaya ba. Wani attajiri daga kudu ya taɓa zama a falon Shugaban wancan lokaci yana lissafa masa gida da albashi, Cuddy ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, "To, ranka ya daɗe, in na bi ka, wa zai ba tattabaruna hatsi?" A nan maganar ta mutu. Da gwiwarsa ta gaza, ya koma rami ba tare da ƙorafi ba, ya kama wurinsa a bayan raga ta ɓangaren coci, inda ya shafe shekaru yana gyara wa 'yan wasan gabanmu zama da murya. Duk wanda ya taɓa ɗaga ƙwallo sama a filin nan ya ji shi: "Kai ɗan nan, ragar tana ƙasa! Hasumiyar coci ba ta ba da maki!" Muna shaida cewa da yawansu sun gyaru ne don tsoron bakinsa.

Jama'ar Skelbeck sun san al'adar ƙungiyar nan tun kafuwarta: tsohon ɗan wasanmu ba ya shiga motar gawa. Mutum shida daga cikin 'yan wasan sahun farko su ne suke ɗaukarsa a kafaɗa tun daga ƙofar gidansa har majami'a. Marigayi da kansa ya sa kafaɗa a ƙarƙashin akwatunan waɗanda suka riga shi, har da na kyaftin ɗinsa, Mista Enoch Wardle, wanda Cuddy ya ɗauka da karyayyen ƙashin wuya bai gaya wa kowa ba sai da aka sauke.

Da muka je gaisuwa, mai ɗakinsa, Uwargida Edna Teasdale, wadda ta fi shekara talatin tana haɗa wa 'yan wasanmu shayi a hutun rabin lokaci, ta tare ni, Sakataren ƙungiya, tun daga bakin ƙofa. Ta ce, "Norman, kada ku yi mini wauta. Ku je ku buga ƙwallonku. Da yana nan da ya zage ku tas, ya ce wane sakarai ne zai zubar da maki biyu saboda tsohon da ya gama nasa." Mun saurare ta da girmamawar da ta cancanta, kuma mun san gaskiya ta faɗa game da mijinta. Muna roƙon Allah Ya ba ta haƙuri da ƙarfin zuciya, ita da 'ya'yansu Doreen da Stanley da jikoki da dukkan dangi, Ya ba marigayi hutawa, Ya buɗe masa numfashin da ya rasa a nan.

Amma wannan karon ba za mu bi maganarta ba. Daraktoci sun zauna, babu wanda ya saɓa. Kyaftin Alf Metcalfe, da Birtle, da Coulthard, da Nattrass, da 'yan'uwan nan biyu Ken da Ronnie Pallister, su ne za su tsaya a layin Inkerman ranar Asabar. 'Yan wasan ajiya za su cike gurbinsu su hau jirgin ƙasa, kuma muna da yaƙinin za su fitar da mu kunya. Idan kuwa aka ci mu, ni da kaina zan je taron hukumar in cire hula in roƙi ƙuri'a ƙungiya bayan ƙungiya, ba zan ji nauyin haka ba ko kaɗan. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya a bakin titi ina kallo a tura Cuddy Teasdale a bayan mota.

Norman Ridsdale
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Skelbeck Athletic, Afrilu 1961