Hannun Suwaita na Biyu

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 9:40 na safe

Tebur na uku daga taga, ofishin ƙamus, Edinburgh. Sati na biyar cikin wata uku na gwaji. Uwargida Hendry, shugabata, ta ba ni maganganun Turanci da suka fito daga saƙa, guda goma sha tara. Ta ce, "Ke 'yar tsibiran Shetland ce, ai da ulu aka yaye ki." Ban gaya mata ban iya saƙa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na tsaya a kan cast off. Ma'ana uku: rufe bakin saƙa a zare ta daga tsinke, kwance igiyar jirgin ruwa a bar gaɓa, yar da abin da aka gama da shi. Duka ukun na ji su a kicin ɗin Kaka Mima kafin in iya karatu. Ƙamshin miyar rago da dankali. Kai, ba wannan aka sa ni rubutawa ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Kawu Magnie ya bugo. Wai Kaka ta gaya wa likita za ta yi cast off kafin sanyi ya shigo. Na ce wacce ma'anar take nufi? Ya ce, "Ke kika yi digirin, 'yar boko. Ni kifi na sani."

Suwaitata tana kan tsinken saƙar Kaka shekara huɗu, tun ranar da na tafi jami'a. Saura hannu ɗaya.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na auna hannuna sau uku: santimita 54. Na kira Kaka na faɗa mata. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Osla, ni ba na saƙa wa lamba riga. Kawo hannun." Na tambaye ta maganar likita. Ta ce, "Duba littafinki mana, sarkin sani."

Talata, 14 ga Oktoba

Ba a ba mai gwaji hutu. Takardar ɗaukar aiki, shafi na huɗu, sakin layi na biyu. Na karanta sau shida, bai canja ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ruwan sama a nan a tsaye yake sauka. Namu na Shetland a kwance, saboda iska.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 4:55 na yamma

Tashar jirgin ruwa, Aberdeen. Ina cikin jirgin da zai tafi Shetland. Na bar wa Uwargida Hendry takarda a tebur, layi biyu, ban ko sake karantawa ba. Yanzu wani ma'aikaci ya ɗaga murya ya faɗi kalmar, cast off, aka jefo igiya. Katin da nake rubuta ma'anar kalmomi yana aljihuna, ban ciro ba.

Abin da ban sani ba:

Ko teburina zai jira ni ranar Litinin.
Wacce daga cikin ukun Kaka take nufi.
Ko ulun da ya rage zai kai wuyan hannu.
Ko kwana nawa zan iya ja mata rai kafin in miƙa hannun ta rufe bakin saƙar.