Sun Nemi Fuskarki a Takardar, Umma

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata kina cikin ni'imar Ubangiji a inda kike kwance. Na san wasiƙa ba ta zuwa can. Na kuma san waɗanda za su karanta ta su ne 'yan gurup ɗinmu na karatun littafi da duk wanda suka tura wa. Su karanta, ba komai. Da ke nake.

Baba yana lafiya. Goggo ta zo daga Doma ta yi mana sati biyu, ta koma. Ni ma ƙalau nake, sai dai akwai wata magana da na haɗiye tun kina da rai, ta tsaya mini a ƙirji. Yau nake so in faɗa miki.

Kin tuna ranar da kika ce za ki tsaya takarar majalisar dokokin jiha? Kina feraye doya a tsakar gida kika faɗa, kamar wadda ta ce za ta je kasuwa. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ga ba wasa kike ba, ya ce tikitin manyan jam'iyyun nan biyu ai yana da masu shi tun kafin a buga ganga. Kika ce ba da su za ki tsaya ba. Akwai wata ƙaramar jam'iyya mai alamar tulu, ofishinta shago ɗaya ne da benci biyu, su suka ba ki fom.

Kowa ya san dalilinki. Shekarunki nawa kina nas a ƙaramin asibitin nan, ana kawo miki mata masu naƙuda a kan babur ta hanyar da ko jaki zai yi tunani kafin ya bi. Wasu su iso, wasu ba su iso ba. Kin rubuta wa mai kujerar takarda har kin gaji.

Ni kuwa, Umma, a kaina labarin ya riga ya ƙare. Irin littattafan da kike cewa za su cinye mini ido, a cikinsu jaruma tana shan wahala ne kawai don babin ƙarshe ya yi daɗi. Har kayan da zan sa ranar rantsar da ke na zaɓa a zuciyata. Ke ce kika dawo da ni ƙasa. Kika ce, "Jidda, kujera ta Allah ce, kuma na san ƙarfina. Amma akwatin unguwarmu kam, wannan zan ci. Wanda bai ci akwatin ƙofar gidansa ba, da wane ido zai dubi mutane?"

Abin da kike nema ke nan. Akwati ɗaya, na Bukan Sidi, inda da wuya a sami gidan da ba ki karɓi haihuwa ba.

Saura sati biyu zaɓe kika zaunar da ni, kika nuna mini samfurin takardar ƙuri'a. Ba sunan ɗan takara a jiki, ba hoto. Alamomin jam'iyyu ne kawai a jere daga sama har ƙasa, tulunmu yana can wajen ƙasa, ɗan mitsitsi. Kika ce manyan jam'iyyu ba sa buƙatar bayani, jariri ma ya san alamarsu, amma mu sai mun bi gida gida mun kama yatsan mutum mun nuna masa. Kika ce ke za ki bi ƙauyukan wajen Kwandere da rugagen Fulani, ni kuma in shiga gidajen unguwa wurin mata. "Nan ai gida ne," kika ce, "duk iyayenki ne."

Na ce to. Ni da ko gaisuwa ta haɗa ni da mutum uku sai muryata ta maƙale.

Gidan Iya Falmata na fara shiga, tsohuwar nan da ta yi miki wankan jego lokacin da kika haife ni. Na tarar da tsakar gidan cike da mata ana ɓarar agushi. Ina sallama suka ɗauki guɗa, wai ga 'yar Honarabul. Wata ta ce in juyo ta ga ko na isa a kawo kayan gaisuwa, wata ta ce wannan kunyar tawa ko amaryar Fulani sai haka. Na durƙusa na miƙa musu fosta. Iya ta ɗaga ta sama, ta daɗe tana kallon hotonki, ta ce, "Wannan fuskar ko a cikin dubu zan tsamo ta. Je ki ce wa uwarki ta yi barcinta."

Umma, hannuna yana cikin hijabi, riƙe da samfurin. Na san abin da ya kamata in ce: Iya, ranar ba za ki ga fuskar ba, tulu za ki nema. Maganar ba ta da tsawo. Na buɗe baki, suka sake kwashewa da dariya kan wani abu daban, sai kawai na ce sai an jima, na fita.

Sauran kwanakin ma ban shiga ko'ina ba. In tsaya a bakin zaure, in miƙa fosta ga duk wadda ta leƙo, in wuce. Sai in tafi gindin mangwaron bayan firamare in buɗe littafi a waya har la'asar. Ina gaya wa kaina ai suna son ki, so kuma yana gane hanyarsa. Haka littattafan suka ce.

Kina dawowa da yamma, ƙafarki duk jar ƙasa, yatsunki duk tawada, sai ki tambaye ni, "Kin nuna musu?" In ce eh. Ki ce Allah ya yi mini albarka.

Ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo. Suna hango ki suna ɗaga hannu, suna kiran Sista, Sista. Bayan la'asar aka zazzage akwatin a gaban jama'a, malamin zaɓe yana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya yana kiran jam'iyya. Ina tsaye a bayanki. Ana kira, ana kira, sai can a ce tulu, sannan a sake daɗewa. Na ga kin gyara mayafinki sau uku alhali bai zame ba. Daga baya labari ya zo cewa a ƙauyukan da kika bi da ƙafarki kin sami abin da ya fi na unguwarmu nesa ba kusa ba.

Washegari matan unguwa suka cika gidanmu da jaje. Kowacce tana cewa wallahi ke ta dangwala wa. Kika yi murmushi, kika sa na kawo musu ruwa, kika raka su har ƙofa. Da kika dawo kika zauna a bakin gado, kika ce, ba ma da ni kike ba, "Faɗuwar ba ta dame ni ba. Amma mace ta dubi tsabar idona ta rantse mini?"

Bayan kwana uku na kai markaɗe inji, na ji Iya Falmata tana ba wata labari, ba ta lura da ni ba. Wai ta juya takardar gaba da baya ba ta ga fuskar Sista ba, ta fito ta tambayi wani mutum da ke tsaye kusa da layi, ya nuna mata wata alama ya ce nan ne na Sista. Ɗayar ta ce ita ba ta tambayi kowa ba, a na sama ta dangwala, don ai Sista a sama ya kamata a sa ta. Suka yi ta tsine wa waɗanda suka ci amanarki, ba su san komai ba.

Ba ƙarya suka yi miki ba, Umma. Ni na yi miki.

Na dawo da roba a ka, na ce zan faɗa miki bayan sallar magariba. Sai na ce gobe. Ba faɗa nake tsoro ba, kin san ba kya duka. Albarkar nan da kika yi ta sa mini kowace yamma, ita nake jin kunyar ki tuna.

Ina kallo kika janye. In an kira ki naƙuda kina zuwa, ko a tsakiyar cin abinci ne, amma kina wanke hannu sai gida. Ba zama, ba hira, ba ɓarar agushi. Ranar sunan jikar Iya ma ni kika aika da sabulu da zani, kika ce kanki yana ciwo.

Watanni muka yi a haka. Sai ranar nan da safe aka zo da gudu aka ce kin faɗi a wurin aiki, hawan jini. Kafin azahar an gama. Ban ce zaɓe ne ya kashe ki ba, na san ajali ne. Amma kin tafi kina zaton matan da kika yi wa hidima duk rayuwarki sun sayar da ke, kuma ni kaɗai ce a duniya zan iya cire miki wannan, ban cire ba.

Da kin ga yadda suka karɓe gidan. Iya ce ta yi miki wanka. Kwana bakwai ba mu ɗora tukunya ba.

Satin da ya wuce na je wurin Iya. Ita kaɗai ce a ɗaki. Na durƙusa na faɗa mata duka, ina kallon tabarma. Na zaci za ta rungume ni, ko ta zage ni, ɗaya daga ciki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara zama. Sannan ta ce, "Ashe shi ya sa ta daina shigowa. Ni kuwa na ɗauka raina mu ta yi don ta shiga siyasa. Na riƙe ta a zuciya, yarinya. Ina yi mata wanka ina riƙe da ita." Ta rufe fuska da gefen zaninta.

Wannan ban san shi ba, Umma. Ashe ba ke kaɗai na cuta ba.

Da ta share hawaye ta ce ita ta sake ki, duniya da lahira, kuma za ta gaya wa sauran da bakinta. Ni kuwa ba ta ce ta yafe mini ba tukuna, ban kuma tambaya ba. Sai da na kai ƙofa ta ce in gaida Baba.

To na faɗa miki. Sun so ki, sun tsaya a rana saboda ke, sun nemi fuskarki ba su gani ba. Ki yafe musu abin da ba su yi ba. Ni kuma ban san ko mamaci yana iya yafewa ba, amma ina roƙo.

Ya Allah ka jiƙan Ummana, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Ka sa duk jaririn da ya fara kuka a hannunta ya zama sheda a gare ta. Ka isar mata da abin da na kasa faɗa, ka sanyaya mata zuciya a kan maƙwabtanta. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Jidda