Motar Zoɓo a Bikin 'Yar Fari

Small Heath, Birmingham
4 ga Maris, 2013

Yaya Falalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zinatu da yara. Na ɗauko biro ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Maganar walimar auren 'yarka ce. Zauren da muka kama a Balsall Heath ba shi da kicin, shi ne yaran zamani suka nace sai an yi hayar wata 'yar mota da ake buɗe gefenta a raba abin sha. Masu ita "bar" suke ce mata, wato mashaya. Don Allah kada wannan sunan ya isa kunnen dangi a Kano. Kamfanin ya ba mu zaɓi biyu. Ko su kawo motar da firji da kofuna mu zuba namu mu raba da kanmu, ko su zo da lemunansu da ma'aikatansu mu naɗe hannu.

Na ɗauki na farko. Ka san tun da hukumar gari, council, ta rufe cibiyar yaran da nake aiki ba ni da abin fantamawa, lokaci kuwa har ya yi mini yawa. Zan haɗa zoɓo da kunun aya da lemon citta, ni ce kuma zan tsaya a motar. Sanarwa ce wannan, Yaya, ba neman shawara ba.

Ƙanwarka,
Batulu

Longsight, Manchester
9 ga Maris, 2013

Batulu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, Zinatu tana amsawa.

Na karanta sanarwar gwamnati. Wato uwar amarya ce za ta wuni cikin mota da ludayi a hannu, baƙi suna miƙa mata kofi? Ki ɗauki mai ma'aikatan, ni zan biya. Ba alfarma ba ce. Tun da mahaifin Rahmatu ya rasu ni ne ubanta, kuma ba a taɓa jin uba ya nemi izinin shayar da baƙinsa ba.

Jiya na zauna ina duba hotunan bukukuwan da aka yi tun zuwanmu ƙasar nan. Suna, aure, saukar karatu, babu wanda ba ki je ba, babu kuma hoton da kika fito a ciki. A guda ɗaya ne na ga gefen mayafinki, kina wucewa da kula. Wannan karon ina so in ga fuskarki.

Wassalam, yayanki,
Falalu

Small Heath
15 ga Maris, 2013

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara buɗi, amma ka mayar da kuɗinka aljihu.

Ba ka je sunan gidan Dokta Sunusi bara ba, shi ya sa. Mai ma'aikatan suka ɗauka. Samari biyu Turawa, tsaf da su, suka tsaya a motar suna jiran a zo. Su kuma dattawanmu suna zaune suna jiran a kawo musu. Yaushe ka taɓa ganin Alhaji ya naɗe babbar riga ya bi layin neman ruwa a gidan da aka gayyace shi? Aka wuni ana kallon kallo, yara ne kawai suka sha har cikinsu ya kumbura. Kafin sati ya zagayo labari ya kai gida cewa an tara mutane an bar su da ƙishirwa. Ba za a yi wannan a bikina ba.

Sannan kai ma ka san abin da ya dace. 'Yar fari ce. Uwa ba ta zaƙewa a bikin 'yar fari, ta zauna kusa da ita tana washe baki. Ranar aurenka Innarmu a gidan maƙwabta ta wuni, wa ya ce ba ta son ka? Motar nan rufin asiri ce gare ni: ina wurin, kuma ba na wurin.

Ka gaida mutan gidan.
Batulu

Longsight
24 ga Maris, 2013

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa. A kan dattawa kin fi ni gaskiya, na sauka. A ɗauko motar babu ma'aikata.

Sauran maganar kuwa, ki zauna kafin ki karanta. Ranar Asabar Rahmatu ta hawo jirgin ƙasa ta zo, ba ta gaya miki ba. Ta ƙi cin abinci, sai can ta ce, "Kawu, wai Mummy haushina take ji? Ko sunana ba ta taɓa kira ba. Yanzu kuma wedding ɗina ma a cikin van za ta yi shi." Ta yi kuka sosai, ni ma sai da na tashi na shiga kicin.

Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari iya iyawata. Ta saurara, ta ce ta gane, sannan ta tambaye ni wa zai zauna a gefenta. Batulu, ranar da Inna ta ɓuya, gwaggonni da kakanni ne suka cika gidan, ban ji rashinta ba. Ita wannan a Birmingham ta tashi, ke kaɗai gare ta. Abin da ke kike kira kunya, ita ƙi take gani, kuma da shi za ta tafi gidan miji.

Zinatu ta riga ta yi waya da ƙawarki Hajo, da maƙwabciyarki Celestina. Sun ce shekara da shekaru kina ɗaukar musu kula, yanzu layi ya zo kanki. Su biyun za su tsaya a motar, sauran matan su bi teburi da tire, babu dattijon da zai motsa. Ke ki haɗa zoɓonki, don babu mai hannunki, amma a bakin ƙofa za ki miƙa ludayin.

Ba umarni nake ba ki ba. Roƙo ne.

Yayanki,
Falalu

Small Heath
29 ga Afrilu, 2013

Yaya,

Ina fatan kun koma gida lafiya. Allah ya bar zumunci.

Celestina ta cika ƙanƙara a kunun ayan, na gani daga inda nake zaune, ban kuma tashi ba. Da Hajo ta durƙusa ta miƙo mini kofi sai na rasa yadda zan yi da hannuwana. Mutum huɗu sun karɓi lambata saboda zoɓon, mai motar ma ya ce in neme shi.

Ga hoto nan na saka maka. Kada ka yi mini dariya, kaina a sunkuye yake. Amma duba hannun da ke cikin nawa.

Rahmatu tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Batulu