Ƙodar Baba Ta Yi Fel

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya aiki? Ina Anti Hauwa da yara? Nan Kasuwar Daji kowa lafiya, sai dai Baba.

Kumburin ƙafarshi ya ƙi saɓewa, shi ne munka kai shi asibiti a Ƙaura. Da anka auna jininshi, likita ya ja ni gefe ya ce, "Ƙodarshi ta yi fel." Ashe Inna na bayana. Ka san ita fel guda ta sani, na jarrabawa. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai autana ma ya yi fel bara, ya maimaita ya ci. Likita, yaushe za a sake gwada ta?"

Likita ya dube ni, na dubi ƙasa. Wannan fel ɗin, in ji shi daga baya, ba a maimaita shi. Ƙodar ta daina aiki, sai wankin ƙoda da inji a Gusau duk mako, ga hanya yadda ka sani.

Yaya, har yau na kasa gaya mata. Tana dama ma Baba kunu tana cewa ya daure, wannan karon zai haye. Shi kuwa sai murmushi. Ina jin ya gane.

In da hali ka zo, ta fi jin maganarka. Ku sa mu a addu'a. Inna na gaishe ku, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Rabi